Me Ya Sa Ƙ, Ɗ da Ɓ Ke Ɓacewa a Fasta da Katin Biki?

Me ya sa mutum zai rubuta "ɗaurin aure" daidai a wayarsa, ya tura wa mai zane ta WhatsApp, amma da katin ya fito daga maɗaba'a sai ya tarar da "daurin aure", ko kuwa wani ɗan akwati fanko zaune a gurbin ɗ? Tambayar nan ba ta tsufa. Tana tasowa lokacin bukukuwan bayan Sallah, tana tasowa lokacin saukar karatu a Islamiyyoyi, idan kuma kakar zaɓe ta kama, bango ya cika da fastoci, sai ka yi ta karanta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa".

Amsar da aka saba ji a shagunan zane ita ce, "Alhaji, ai Photoshop ba ta ɗaukar Hausa," ko "Hajiya, kwamfutar ce ba ta da wannan harafin." Masu faɗin haka ba yaudara suke yi ba, abin da idonsu ya gani ke nan. Sai dai maganar ba haka take ba. Photoshop da CorelDRAW da Illustrator da GIMP, har Canva da PixelLab na waya, duk suna iya ɗaukar haruffa masu ƙugiya, da alamar naira, da alamomi irin su © da ® da °. Inda gizo ke saƙa wani wuri ne dabam.

Hannu uku harafi ke bi

Kafin harafi ya bayyana a kan hoto sai ya ratsa hannu uku. Na farko kibod, wato hanyar da kake gaya wa na'ura abin da kake so. Na biyu lamba, domin kwamfuta ba ta san baƙi da wasali ba, lamba kawai ta sani, kowane harafi da tasa. Na uku fon, wato salon rubutun da ka zaɓa, wanda shi ke ɗauke da zanen harafin, shi ke cewa ga yadda lamba kaza za ta fito a ido.

Lambar nan kamar lambar rumfa ce a kasuwa. Tana nan a rubuce a littafin sarkin kasuwa, ba mai goge ta. Amma ko za ka sami kaya a rumfar ko ka same ta wayam, wannan ya rage ga ɗan kasuwar da ya kama layin. Fon shi ne ɗan kasuwar.

Kowane hannu idan ya gaza, yana da alamar da yake bari. Idan ka ga k tsurara a gurbin ƙ, a kibod aka tsaya, mai zanen bai san yadda zai buga harafin ba, sai ya sa wanda ya fi kusa. Idan ka ga alamar tambaya, ko } ko ] ko ~ a tsakiyar kalma, lamba ce ta rikice. Idan kuwa akwati ka gani, ko harafin ya fito amma siriri a cikin 'yan'uwansa masu kauri, to laifin fon ne. Wanda ya riƙe wannan rabe-raben ba zai ɓata yini yana sake saka manhaja a kwamfuta ba alhali canza fon kawai ake bukata.

Yadda aka gaji matsalar

Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 ta taimaka wajen sabar da idon jama'a da su. Ke nan sun riga kwamfuta zuwa da shekaru masu yawa. Da kwamfutar ta zo, ta zo ne da tsarin lambobi na Amurka mai suna ASCII, wanda aka fitar a 1963, mai gurbi 128 kacal, an ƙera shi don Turanci. Ko é na Faransanci bai sami wuri a ciki ba, balle ƙ.

Masana a gida ba su naɗe hannu ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da fon masu ɗauke da haruffan Hausa, kuma duk wanda ya yi aikin buga littafi ko kundin digiri a Kano a wancan lokaci ya san fon ɗin Rabi'at. Dabarar fon irin na zamanin ita ce a ari gurbin wata alamar da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafin Hausa a kai. Ka danna } sai ƙ ya fito, ka danna ] sai ɗ, ka danna ~ sai ɓ. Aiki ne da ya fitar da mu kunya a lokacinsa. Sai dai ido kaɗai yake gamsarwa, a cikin kwamfutar alamar nan } tana nan a matsayinta. Shi ya sa da zarar an kwafo tsohon rubutu an liƙa a Photoshop da wani fon, sai a ga "}asa" da "]aya" da "~angare". Har yau akwai irin waɗannan fayiloli a kwamfutocin makarantu da maɗaba'u, kuma daga cikinsu ake kwaso rubutun fasta.

Maganin dindindin ya zo da Unicode, tsarin da aka fara fitarwa a 1991 da nufin ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa. Yanzu yana ɗauke da haruffa da alamomi fiye da 140,000, kuma namu suna ciki tun farkon shekarun 1990. Lambar Ƙ ita ce 0198, ta ƙ 0199. Ɗ tana 018A, ɗ tana 0257. Ɓ tana 0181, ɓ tana 0253. Ƴ da ƴ da ake amfani da su a Nijar suna 01B3 da 01B4. Alamar naira kuwa 20A6. Duk mai sana'ar zane ya kamata ya rubuta lambobin nan a takarda ya manna a jikin teburinsa.

Dalilin da ƙ ke fitowa amma ɗ ya ƙi

Wannan shi ya fi ɗaure wa mutane kai, kuma amsarsa tana cikin lambobin da ke sama. Duba ka gani, ƙ da manyan haruffan duk sun fara da 01, amma ƙananan ɗ da ɓ sun fara da 02. Ba unguwarsu ɗaya ba. Unicode ya raba haruffa rukuni-rukuni, sai Ƙ da ƙ da Ɗ da Ɓ da Ƴ da ƴ suka faɗa rukunin ƙarin haruffan Latin, su kuwa ɗ da ɓ suka faɗa rukunin alamomin furuci da masana ilimin harshe ke amfani da su, domin can aka riga aka san su.

Mai ƙera fon da ke zaune a Turai ko Amurka rukuni-rukuni yake zaɓa. Yana iya zana na ƙarin Latin ya tsallake na furuci, a ganinsa kayan malaman jami'a ne, bai san miliyoyin mutane na rubuta "ɗa" da "ɓera" da su kullum ba. Sakamakon haka sai ka sami fon mai babban Ɗ amma babu ƙarami. Akasin haka ma yana faruwa, ka rubuta kalma da ƙananan haruffa lafiya lau, ka danna maɓallin mayar da ita manyan baƙaƙe, sai akwati ya fito.

Babu kuma fon ɗin da zai iya ɗauke komai, domin fayil ɗin fon guda ba ya wuce zane 65,535. Yawancin fon na ado da ake saukewa kyauta daga intanet, masu lanƙwashe-lanƙwashen da amare ke so a katinsu, ko kusa da wannan ba su kai ba. A zuwa Z ne da lambobi da 'yan alamomi. A waya ba ka lura da giɓin saboda fon ɗin da wayar ta zo da shi yana da faɗi, idan kuma ya rasa wani harafi sai ta aro daga wani a ɓoye. Photoshop ma tana da irin wannan aro, a cikin Preferences ƙarƙashin Type akwai Enable Missing Glyph Protection. Amma aron da ba a gani a ƙaramin saƙon waya, a fasta mai tsawon ƙafa shida ihu yake yi. Harafi ɗaya ya fita dabam da sauran kamar baƙon tsuntsu a cikin kaji.

Hanyoyin buga harafin, da tarkon da ke cikin Alt

Da yawa sun koyi dabarar riƙe Alt a buga lamba a madannan lissafi na gefen dama. Tana aiki da kyau ga wasu alamomi: Alt da 0169 na ba da ©, 0174 na ba da ®, 0153 na ba da ™, 0176 na ba da °, 0233 kuma é, wanda masu zane a Yamai da Damagaram ba sa rabuwa da shi. Sai dai dabarar ta tsohon tsari ce, iyakarta 255. Lambar ƙ ta 0199 da ke sama, idan aka mayar da ita lissafin yau da kullum, 409 ce. A Word za ta fito, amma a manhajoji da yawa kwamfutar za ta cire 256 daga ciki, saura 153, sai ka nemi ƙ ka sami ™ ko Ö. Daga nan ne da yawa suka yanke hukuncin cewa manhajar ba ta san Hausa ba. Haka dabarar rubuta 0199 a danna Alt da X, ta Word ce, ba ta aiki a Photoshop, ko da yake kana iya yin ta a Word ka kwafo.

Hanyar da ta fi dacewa da mai yin aikin Hausa kullum ita ce ya ƙara kibod ɗin Hausa a Windows, yana cikin saitin harsuna, ba sai an saya ba. Da shi, Alt na hannun dama tare da k ko d ko b ko y na ba da mai ƙugiyar. Abu ɗaya za a kula da shi, Windows na ɗaukar wannan Alt ɗin tamkar Ctrl da Alt a haɗe, don haka wani lokaci yakan yi karo da gajerun hanyoyin manhajar zane. Idan hakan ta faru akwai Keyman, manhajar kibod ta kyauta daga SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna.

Ga wanda sau ɗaya a wata yake bukatar alama, manhajojin suna da rumbunsu. A Photoshop, tun sigar CC 2015, akwai allon Glyphs a ƙarƙashin Window, ka nemi harafin ka danna shi sau biyu. Illustrator tana da shi a ƙarƙashin Type. A CorelDRAW, wadda ita ce sarauniyar shagunan buga kati a Najeriya, Ctrl da F11 ne ke buɗe shi. Ina son allon nan saboda ba ya rufa wa fon asiri, abin da ke cikinsa kawai yake nunawa. Idan ka duba ba ka ga ɗ ba, to babu shi, kada ka wahalar da kanka.

A GIMP ana danna Ctrl da Shift da U, a rubuta lambar, a danna Enter. A Inkscape Ctrl da U ne. Mai Mac zai danna Control da Command da Space. Windows na da Character Map, nata rumbun haruffan, tun da daɗewa. A waya abin ya fi sauƙi, ka ƙara Hausa a Gboard, ka danne k ko d ko b na ɗan lokaci, mai ƙugiyar zai leƙo.

Wane fon za a dogara da shi

Arial da Times New Roman da Tahoma da Segoe UI na Windows ɗin zamani duk suna da haruffanmu. Akwai dangin Noto na Google, wanda sunansa ma daga wannan matsala ya samo asali, domin masu sana'ar suna kiran akwatin nan fanko "tofu", wato awara, Noto kuma taƙaitawar "babu tofu" ne. Akwai Charis da Gentium da Andika na SIL, kyauta ne, kuma Andika an ƙera shi ne musamman don masu koyon karatu, ya dace da allunan aji da littattafan yara. PixelLab na barin ka shigar da fon daga waje. A Canva shigar da naka fon sai mai biyan kuɗi, don haka mai amfani da ta kyauta sai ya gwada waɗanda ke ciki ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin ba shi da wuya. Kafin ka fara aiki rubuta "Wani ɗan ƙauye ya ɓoye ₦500", ka sake rubuta shi da manyan baƙaƙe, ka ƙara girmansa sosai, ka dube shi da kyau.

To idan mai aiki ya kafe sai wani fon na ado da ba shi da ƙugiya fa? Nan ne gwanintar mai zane take. Ana mayar da rubutun zane, a yanko lanƙwasar saman f ko wutsiyar j ta wannan fon ɗin, a juya ta, a dasa a kan k ko d. Idan hannu ya ƙware ba mai ganewa, domin kaurin layin ɗaya ne. Ga kalma biyu ko uku na kanun fasta wannan halal ne, har ma abin yabo. Ga dogon rubutu kuwa ɓata lokaci ne, a canza fon kawai.

Naira, ɗan waƙafin sama, da Larabci

Naira ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1973, alamarta ₦ tana cikin Unicode, amma har gobe takardun farashi cike suke da # a gaban kuɗi. Wannan alama ba ta naira ba ce, kama kawai ta yi da ita saboda layuka biyun. Wasu kuma sukan rubuta N su ja mata layi biyu da hannu, da an matsar da rubutun sai layukan su tsaya a inda suke. Sidi na Ghana ma yana da tasa, ₵, mai lamba 20B5.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a cika lura da shi ba. A Najeriya muna rubuta 'ya'ya da 'yanci da ɗan waƙafin sama, inda Nijar ke rubuta ƴaƴa da ƴanci. Photoshop da Word suna gyara alamar zance da kansu, idan suka ga waƙafin a farkon kalma sai su ɗauka zance za a buɗe, su juya shi ya koma kamar 6, alhali kamar 9 ya kamata ya kasance. Alt da 0146 na ba da daidai ɗin.

Larabci kuwa nasa ciwon dabam ne, kuma ya fi nauyi, tunda Bisimilla da ayoyi da addu'o'i ake sawa a katin aure da sanarwar rasuwa. A tsofaffin sigogin Photoshop, idan ba a kunna zaɓin rubutun Gabas ta Tsakiya a saitin Type ba, haruffan sukan fito a warwatse, kuma daga hagu zuwa dama. Mai zanen da bai yi allo ba ba zai gane ba, a haka za a buga ɗaruruwa. Na sha ganin wannan a jikin kalanda, kuma duk lokacin da na gani sai raina ya sosu. Kada a buga Larabci sai wanda ya iya karanta shi ya duba. Alamar ﷺ harafi ɗaya ce a Unicode, lambarta FDFA. Masu aikin ajami kuma suna da Alkalami, fon ɗin da SIL ta yi a kan salon rubutun hannu na ƙasar Kano, da Harmattan na yankin Afirka ta Yamma.

Tsakanin shago da maɗaba'a

Sau da yawa mai zane ya yi komai daidai, a hanya ne aikin ke lalacewa. Ya kai fayil ɗin CorelDRAW ko Photoshop wurin mai injin bugawa, kwamfutar can ba ta da fon ɗin, sai ta musanya shi da wani, ƙugiyoyi su zube. Rigakafin shi ne a mayar da rubutu zane kafin a fita da shi: Ctrl da Q a CorelDRAW, Ctrl da Shift da O a Illustrator, Convert to Shape a Photoshop. Ko a fitar da shi PDF da fon ɗin a ciki, ko hoto mai inganci. A dai ajiye kwafin asali, domin rubutun da ya zama zane ba ya gyaruwa, ranar da aka ɗaga biki za a neme shi.

Masu cewa ba komai, ai ana ganewa

Akwai masu wannan ra'ayi, kuma ba su rasa hujja ba. Suna cewa Bahaushe na karanta saƙonni da labarai marasa ƙugiya kullum ba ya tuntuɓe, jimla ce ke fayyace ma'ana. Masu shago kuma suna da nasu uzurin. Aikin kati ba wani kuɗin kirki ake biya ba, mai biki na tsaye a kanka yana sauri, wuta na iya ɗaukewa, ga shi ya nace sai fon ɗin da ya gani a katin abokinsa. Wa zai tsaya neman 0257?

Na yarda da rabin maganar. A cikin dogon labari mahallin zance na ceto. Amma fasta ba labari ba ce, kalma huɗu ce ko biyar, babu jimlar da za ta zo ceto. "Manyan baki" a katin walima ba "manyan baƙi" ba ne. Fada dabam, faɗa dabam. Kafa ba ƙafa ba ce, kare ba ƙare ba ne, gaba ba gaɓa ba ce. Mai maganin gargajiya da ya sa aka rubuta masa "ciwon kashi" a allon shagonsa, ƙashi yake nufi, kuma duk mai wucewa ya san abin da ɗaya kalmar ke nufi. Sannan ga sunaye, Ɗanjuma da Ɗanladi, Maraɗi da Ƙanƙara da Ɗambatta. Wanda ya biya kuɗi a buga sunan mahaifinsa yana da haƙƙin a buga shi daidai.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Yaron da malami ya koya wa ƙ da ɗ da safe, idan ya fito, allunan titi da fastoci da ledar kaya su ne littafinsa na biyu. Idan duk sun nuna masa ƙugiya ba dole ba ce, titi zai gaskata ya bar malam. Da wuya ka ga allon talla a Jamus da aka bar ü ba ɗigo don sauri.

Abin da ya rage ga mai ba da aiki

Yawancin mu ba masu zane ba ne, masu kai aiki ne, kuma rabin gyaran a hannunmu yake. Ka tura rubutunka a rubuce, da ƙugiyoyinsa, kada ka tura hoton takarda ko saƙon murya, domin idan mai zanen ya kwafa ya liƙa, an tsallake matsalar kibod gaba ɗaya. Ka ce a turo maka samfur kafin a buga, ka buɗe shi ka ƙara girma, ka bi kalmomin ɗaya-ɗaya, musamman sunaye da farashi da Larabci. Idan ka ga akwati ko harafin da ya bambanta da sauran, ba sai an yi jayayya ba, ka ce, "Malam, fon ɗin nan ba shi da harafin, a gwada Noto ko Arial." Ka kuma tambaya ko an mayar da rubutun zane kafin a kai inji. Kati ɗari biyar idan aka buga su da kuskure, sai dai a raba su a haka ko a sake biyan kuɗin takarda da tawada.